Yaron da ya manta tafiya: Cututtukan maiƙo na gado da maganinsu

Lokacin da nake aji biyu na ƙaramar sakandare, duk hutu a Badafi nake yin sa, a gidan kakarmu ta wajen uwa, cikin Ƙaramar Hukumar Kiru. A gidan akwai ɗan ƙanwar mahaifiyata, yaro ɗan shekara shida, wanda kowa ke kira Auta. Ban taɓa ganin mai ƙiriniya irinsa ba. Shi ne kan gaba wajen koro awaki da yamma, shi ne mai hawa katanga, a makarantar allo kuma ya wuce duk sa'o'insa.

Da na dawo hutu na gaba, sai na tarar malaminsa na firamare yana ƙorafin cewa ya daina mai da hankali, rubutunsa ma ya bar layi. A kira shi sau uku bai waiwayo ba. Aka ce taurin kai ne, har bulala ya sha a kan haka. Daga nan ya fara tuntuɓe a fili inda babu ko tsakuwa. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, sai ya kuskure. Kafin shekara ta zagayo maganarsa ta sarƙe, tafiya ta gagara, ya koma kwance.

Babu abin da ba a faɗa ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, wasu kambun baka. An yi hayaƙi, an sha jiƙe-jiƙe, an sayo ƙwayoyi a kemis. Wani mai magani ya hana shi nama da ƙwai da nono, yaro ya ƙara ramewa. Mahaifinsa ya sayar da shanun huɗarsa biyu. Ranar da aka kai shi asibiti, aka ce a wuce da shi Kano a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, kuɗi ya riga ya ƙare. Allah Ya yi masa rasuwa yana da shekara tara, ba a taɓa sanya wa ciwonsa suna ba. Ranar sadakar uku na ji kakarmu tana cewa, "Haka kawunku ya yi. Shi ma bai kai goma ba."

Bana, a aji biyu na jami'a, malamarmu ta kimiyyar sinadaran jiki ta zo kan wasu cututtukan gado da ake kira cututtukan tarin maiƙo. Tana lissafa alamun ɗaya daga ciki, ni kuwa Auta nake gani. Gwaji kaɗai ke tabbatar da cuta, kuma shi ba a yi masa ba, don haka ba zan ɗora masa sunan wata cuta ba. Abin da ya hana ni barci shi ne jin cewa wasu daga cikin cututtukan nan suna da magani, wata ma da abinci kawai ake riƙe ta, amma sai in an gano ta da wuri. Shi ya sa na ga ya kamata ƙannena na sakandare su san wannan tun yanzu.

Buntu a ɗakin injin

Kun karanta a darasin bayoloji cewa da ƙwayoyin halitta aka gina jikin mutum. Bangon kowace ƙwaya da maiƙo aka yi shi. Ƙwaƙwalwa kuwa, in aka cire ruwan da ke cikinta, kusan rabin abin da ya rage maiƙo ne. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo suna sanye da wata riga ta maiƙo mai suna mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Idan rigar ta zagwanye, saƙo ba ya isa inda aka aike shi.

Kullum jiki yana rushe tsohon maiƙo yana gina sabo. Ana yin aikin rushewar a wasu 'yan jakunkuna da ke cikin ƙwayar halitta. Wadda ta fi shahara ita ce laisozom, wadda masanin ƙasar Beljiyam Christian de Duve ya gano a 1955, aka ba shi kyautar Nobel a 1974. Akwai kuma 'yar uwarta feroksizom. Ma'aikatan da ke cikin jakunkunan su ne enzayim, kowanne da irin maiƙon da yake sarewa.

Ku ɗauki injin casar shinkafa a Tudun Wada. Idan mai kwashe buntu bai zo aiki ba, yau ba komai, gobe ma ba komai, injin na ta aiki. Bayan wata guda buntu ya cika ɗakin, injin ya shaƙe. Haka abin yake idan aka haifi yaro ba shi da wani enzayim guda, ko yana da shi amma ba ya aiki. Maiƙon da ya kamata a rushe sai ya yi ta taruwa a hanta da saifa da ƙwaƙwalwa. Wannan ne ya sa ake haifar yaro lafiya lau, ya zauna, ya yi rarrafe, ya yi tafiya, sannan abubuwan da ya koya su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ku lura, abin bai shafi ƙiba ko yawan cin maiƙo ba. Ramammen yaro ma yana iya yin cutar.

Cututtukan laisozom kaɗai sun haura iri 50. Kowacce ba kasafai ake ganin ta ba, amma wani bincike da aka buga a 1999 a kan ƙasar Ostireliya ya nuna cewa idan aka haɗa su duka, jariri 1 cikin kusan 7,700 yana zuwa da ɗaya daga ciki. Akasarinsu sunayen likitocin da suka fara bayyana su suke ɗauke da su: Gaucher, Tay-Sachs, Niemann-Pick, Krabbe.

Yadda ake gadon su

Duk wanda ya san sikila ya riga ya san rabin darasin. Umarnin gina kowane enzayim a rubuce yake a ƙwayoyin gado, kuma kwafi biyu muke da shi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Mai kwafi ɗaya mai matsala lafiyarsa ƙalau, kamar mai AS. Idan biyu irinsa suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na zuwa da cutar. Kowane ciki lissafinsa daban ne, don haka gida ɗaya yana iya samun yara uku masu cutar, wani gidan kuma ko ɗaya.

A nan ne auren zumunci ya shigo. 'Ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kusan kashi 1 cikin 8 na ƙwayoyin gadonsu, saboda haka sun fi bare yiwuwar ɗaukar matsala iri ɗaya daga kakan da suka haɗa. Wani bincike a birnin Bradford na Ingila, wanda aka buga a 2013 a kan jarirai sama da 11,000, ya samu cewa haɗarin haihuwar jariri da naƙasa ya tashi daga kusan 3 cikin 100 zuwa kusan 6 cikin 100 a irin wannan aure. Wato kusan 94 cikin 100 lafiya suke zuwa. Babu dalilin tsangwamar kowa, sai dai dangin da aka taɓa ganin irin wannan ciwo a cikinsu ya kamata su nemi shawarar likita kafin a ƙara haɗa aure.

Akwai hanya ta biyu. Wata cutar, kamar wadda ake taƙaita sunanta da ALD, a kan ƙwayar gado ta X take. Mace tana da X biyu, ɗaya na rufa wa ɗaya asiri. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwarsa ya samo. Idan uwa na ɗauke da matsalar, kowane ɗanta namiji yana da haɗarin 1 cikin 2, kowace 'yarta mace kuma tana da haɗarin 1 cikin 2 na zama mai ɗauke da ita. A irin wannan dangi za ka ga ciwon ya kama yaro da kawunsa, ɗan'uwan mahaifiyarsa. Ba laifin uwar ba ne. Ita ma gadon ta yi, ba ta zaɓa ba.

Inda abinci ya zama magani

A 1946 wani likitan jijiyoyi ɗan ƙasar Norwe, Sigvald Refsum, ya yi cikakken bayanin wata cuta da yanzu take ɗauke da sunansa. Takan fara da dundumi, wato rashin gani da dare, sai rashin jin ƙamshi, ƙafafu su yi sanyi da nauyi, mutum ya riƙa tangaɗi, ji ya ragu, fata ta bushe tana saɓa. A 1963 aka gano cewa abin da ke taruwa wani maiƙo ne mai suna asid faitanik.

Abin sha'awa shi ne jikin mutum ba ya ƙera wannan maiƙo, daga abinci kaɗai yake shigowa. Ku dubi garken shanun da ke kiwo a gefen dajin Falgore. Saniya ta ci ɗanyar ciyawa, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin tumbinta su farfasa sinadarin da ke sa ganye kore, daga nan a samu asid faitanik, ya zauna a kitsenta da maiƙon madararta. Haka yake ga tumaki da awaki, ana kuma samun sa a wasu kifaye masu maiƙo. Ni da ku muna shan fura da nono, mu zuba man shanu a tuwo, jikinmu ya rushe shi ba tare da mun sani ba. Mai cutar Refsum ba ya iyawa. Abincin wani gubar wani.

Tunda ta baki yake shiga, ta baki aka tare shi. Tun shekarun 1960 likitoci a Norwe suka fara hana masu cutar man shanu da nono mai maiƙo da naman saniya da na rago da irin waɗancan kifaye. Hatsi, kaza, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ba su da matsala. Ganye ma ana ci, domin hanjin mutum ba ya iya fitar da sinadarin daga ganye kamar yadda tumbin saniya ke yi. Idan aka dage, yawan asid ɗin a jini yakan sauka, ƙarfin ƙafa ya dawo, fata ta gyaru. Gani da jin da aka riga aka rasa ne ba sa dawowa.

Akwai wani sharaɗi kuma. Mai wannan cuta ba ya zama da yunwa, ba a kuma so ya rame farat ɗaya. Idan jiki ya rasa abinci yakan narka kitsen da ya adana, asid ɗin da ke ɓoye a ciki ya kwararo cikin jini, har ya taɓa bugun zuciya. Saboda haka batun azumi sai ya zauna da likitansa, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Cutar Refsum ba ta da yawa ko kaɗan, ana ƙiyasta mutum 1 cikin miliyan. Kada wani ya karanta wannan ya guji nono. Darasin shi ne, ƙauracewa wani abinci yana zama magani ne idan gwaji ya nuna takamaiman abin da jiki ya kasa rushewa. Hana yaro abinci da ka, kamar yadda aka yi wa Auta, ƙara masa ciwon yunwa ne a kan ciwonsa.

Man Lorenzo

Labarin da ya fi shahara a wannan fage na wani yaro ne, Lorenzo Odone, wanda aka haifa a 1978. Mahaifinsa Augusto ma'aikacin Bankin Duniya ne, sun zauna a tsibiran Komoros na gabashin Afirka kafin su koma Amurka. A 1984 aka tabbatar Lorenzo yana da ALD, cutar da ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wadda ta fi tasowa ga yara maza tsakanin shekara 4 zuwa 10. Likitoci suka ce da wuya ya wuce shekara biyu.

Augusto da matarsa Michaela ba likitoci ba ne, amma suka tare a ɗakin karatu. A ALD, wani maiƙo mai doguwar sarƙa ne ke taruwa. An gwada cire shi daga abinci, bai yi ba, domin shi wannan jiki yana ƙera shi da kansa. Sai suka yi tunanin shagaltar da enzayim ɗin da ke ƙera shi, a ba shi wani aikin daban. Suka haɗa mai iri biyu, kashi 4 na wanda aka tace daga man zaitun, kashi 1 na wanda aka tace daga man irin wani tsiro dangin kabeji. Da Lorenzo ya fara sha, yawan mugun maiƙon a jininsa ya sauko daidai da na mai lafiya. Har fim aka yi a kan labarin a 1992.

To amma gyaruwar jini daban, gyaruwar ƙwaƙwalwa daban. Binciken da ya biyo baya ya nuna man ba ya tsayar da cutar ga yaron da alamu suka riga suka bayyana gare shi. A 2005 Dokta Hugo Moser da abokan aikinsa suka buga sakamakon bibiyar yara 89 da suka fara shan man kafin alamu su fito, suka ga alamar yana iya rage haɗari. Sai dai babu rukunin yaran da ba su sha ba da za a gwada da su, don haka hujjar ba ta cika ba, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi a matsayin magani ba. Lorenzo ya rasu ranar 30 ga Mayun 2008, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 30, bayan ya shafe sama da shekara 20 a kwance ba ya magana.

Abin da aka tabbatar yana tsayar da ALD ta ƙwaƙwalwa shi ne dashen ɓargo, idan an yi shi da cutar ta fara nunawa a hoton ƙwaƙwalwa, kafin yaro ya fara rasa gani da magana. Shi ya sa jihar New York ta fara gwada duk jariran da aka haifa tun ƙarshen 2013. Cutar takan kuma raunana wasu 'yan halittu da ke zaune a kan ƙoda, masu fitar da sinadarin da jiki ke jure ciwo da shi. Yaro ya riƙa amai, ya galabaita, fatarsa ta ƙara duhu. Wannan ɓangaren ƙwayar haidirokotizon mai sauƙin kuɗi tana riƙe shi, tana kuma ceton rai.

Dabaru uku na magani

Mu koma ɗakin injin. Idan buntu ya taru, dabara ta farko ita ce a kawo wani mai kwashewa. Dokta Roscoe Brady na Amurka ya gano enzayim ɗin da masu cutar Gaucher suka rasa a 1965, kuma a 1991 aka amince da maganin farko, wanda aka tato daga mabiyiyar jarirai. Yanzu a masana'anta ake haɗa shi, ana ƙara wa mara lafiya ta jijiya duk mako biyu. Kumburarriyar saifa da hanta sukan sauka, jini ya gyaru. Matsalarsa biyu. Kuɗinsa yakan haura dala 200,000 a shekara ga babban mutum. Sannan ƙwaƙwalwa tana da wani shinge da ke tace abin da ke shigar ta daga jini, kuma enzayim ya yi girman da ba zai ratsa ba. Don haka nau'in cutar da ke taɓa ƙwaƙwalwa maganin ba ya kaiwa can.

Dabara ta biyu, a rage buhunan da ake kawowa injin. Ƙwayar miglustat tana rage saurin da jiki ke ƙera maiƙon, kuma ƙanƙanuwa ce, tana ratsa shingen ƙwaƙwalwa. A 2009 Tarayyar Turai ta amince a yi amfani da ita ga cutar Niemann-Pick nau'in C. Alamun wannan cuta sun haɗa da shawarar da ta daɗe ga jariri, kumburin saifa, wahalar ɗaga ido sama da sauke shi ƙasa, wani yaron ma in ya yi dariya sai jikinsa ya saki ya faɗi. Maganin ba ya warkarwa, yana rage gudun cutar ne. A nan magani da abinci suka haɗu: miglustat tana hana hanji narkar da wasu nau'o'in sukari, sai ta jawo gudawa, saboda haka ake rage wa mai shan ta sukari da kayan zaƙi. A watan Satumban 2024 Amurka ta amince da wasu sababbin magunguna biyu na wannan cuta, Miplyffa da Aqneursa.

Dabara ta uku, a ba jiki abin da ya kasa haɗawa. A cutar da ake taƙaitawa da CTX, hanta ba ta iya juya kolestarol ya zama ɗaya daga cikin sinadaran ruwan matsarmama. Sai ta yi ta ƙoƙari ba hutu, wani gurɓataccen maiƙo yana fita yana taruwa a ido da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Alamunta masu sauƙin ganewa ne: gudawar da ta ƙi ƙarewa tun yarinta, yanar ido ga yaro ko matashi, da ƙulli a agarar ƙafa. Tun 1984 aka nuna cewa idan aka ba mara lafiya sinadarin da ya rasa a ƙwayar sha, hantar takan lafa. Wanda ya fara sha da ƙuruciya yana iya rayuwa ƙwaƙwalwarsa lafiya. Wanda aka makara, ɓarnar da aka yi ta zauna.

Sabuwar hanya ita ce gyaran ƙwayar gadon kanta. A 2022 Amurka ta amince da Skysona domin ALD, kuɗinsa dala miliyan 3. Wasu cututtukan kuma, kamar Tay-Sachs, har yau ba su da magani. Duk da haka, gwajin masu shirin aure da aka fara a 1971 tsakanin Yahudawan Amurka da Kanada ya rage haihuwar yara masu ita a cikinsu da sama da kashi 90 cikin 100.

A nan gida fa?

Wani zai ce duk wannan zancen Turai ne. To ku duba abin da aka yi a kan sikila. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, tare da takwarorinsu na Asibitin Barau Dikko da ke Kaduna da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi gwaji a kan yara 220 masu sikila da na'ura ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ƙaramin awo na ƙwayar haidiroksiyuriya yana ba su kariya kamar matsakaicin awo. Cutar gado ce, tana taɓa ƙwaƙwalwa, aka gano yaran da wuri, aka tare ta da ƙwaya, kuma a Kano aka yi. Dashen ɓargo ma an fara yin sa a Najeriya tun 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano. Ku sani gwajin AA da AS da SS sikila yake nunawa, ba ya ganin cututtukan maiƙo. Su tarihin dangi ne ke fara tona su, sannan gwaji na musamman ya tabbatar.

Kuma ba duk yaron da ya koma baya ne ke da cutar gado ba. A yankinmu an fi samun sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, illar ƙyanda, ko gubar dalma irin wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Yawancin waɗannan suna da rigakafi ko magani. Wannan ma ƙarin dalili ne na zuwa asibiti da wuri.

Aikin da ke gabanku

A gidaje da yawa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ɗan sakandare ne mai karanta takardar asibiti. Ga abin da za ku iya yi.

Na ɗaya, ku riƙe wannan ƙa'ida: yaron da ya iya abu sannan ya rasa shi, ko tafiya, ko magana, ko gani, ko karatu, yana buƙatar likita, ba bulala ba.

Na biyu, ku samu littafi ku riƙa rubuta abin da kuka gani da kwanan wata. In akwai waya a gidan, ku ɗauki bidiyon tafiyarsa ko faɗuwarsa. Likita yana ganin yaro na minti goma, ku kuna ganin sa kullum.

Na uku, ku tambayi manya tarihin dangi: wa ya taɓa irin wannan ciwo, namiji ne ko mace, yana da shekara nawa, iyayensa 'yan uwa ne?

Na huɗu, a fara da asibitin da ke kusa, a nemi takardar turawa zuwa likitan yara ko na ƙwaƙwalwa a Kano tun kuɗi bai ƙare a wasu wuraren ba. Addu'a ba ta hana neman magani.

Na biyar, kada a hana yaro wani abinci, kada kuma a sayi wani mai ko garin da ake tallatawa a Facebook ko TikTok da sunan maganin ƙwaƙwalwa, sai da umarnin likita. Ko cutar ba ta da magani, akwai maganin farfaɗiya, da gashin ƙashi, da dabarun ciyarwa don kada yaro ya shaƙe, waɗanda ke rage masa wahala sosai.

A hutun da ya wuce na koma Badafi da littafi da biro. Na zauna kusa da kakarmu tana tsince wake, na ce, "Iya, ban da kawu, akwai wani da ya yi irin ciwon Auta?" Ta dube ni ta ce, "Kishiyata, me ya kawo wannan tambaya?" Na yi mata bayanin injin da buntu. Ta daɗe shiru, sannan ta ce ta taɓa jin mahaifiyarta na zancen wani ƙaninta da ya kwanta yana yaro bai tashi ba. Maza uku ke nan, duk ta wajen uwa. Na zana su a takarda, na zana mahaifiyata, na zana kaina, domin in har gado ne, ni ma ina cikin lissafin.

Yayar Auta tana da ɗa namiji, shekararsa biyu, yana gudu a tsakar gida yana bin kaji. Na nuna mata takardar, ita kuma ta nuna wa maigidanta. Sun amince idan an yi girbi an sayar da masara, za mu bi ta Kwanar Dangora mu shiga Kano da yaron da takardar, tun yana da lafiyarsa.